Tulun Zoɓo da Motar Malam Sani

Tun da na dawo daga Amurka ba a bar ni na huta ba. Ina buɗe shago za a tsaya a kaina: "Alhaji Ubale, yaya ƙasar?" A masallaci ana sallame salla wani zai matso, ya rage murya, ya ce wai da gaske ne na shiga shagon 'yan giya a can? Da gaske ne. Na shiga, ba sau ɗaya ba, kuma da hulata a kaina. Bakina ya gaji da maimaita labarin, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata sayar da kuloli da filas-filas da randunan roba na biki a kasuwar Sabon Gari. Da turin ƙanƙara a baro na fara, ba wanda ya ba ni jari. Ƙa'ida ɗaya ce ta kawo ni inda nake: ba na faɗa wa kowa inda nake saro kaya. Dalilin kuwa yana jikin shagona, sunansa Alhaji Ɗanlami. Mutumin kirki ne, kwano ɗaya muke cin abinci, amma duk abin da na kawo yau, jibi za ka gan shi a gaban shagonsa da ragi.

Abu biyu suka kai ni. Na farko, Malam Sani, abokina tun muna yara a Fagge, wanda ya daɗe a wani gari da ake kira Greensboro, ya ce 'yarsa Amina za ta yi saukar Alƙur'ani. Sunan mahaifiyata ta ci, ba ni da bakin cewa a'a. Na biyu kasuwanci ne. Na taɓa ganin wani bidiyo a waya: Bature a bakin ruwa yana jan kula mai taya, a cikinta ƙaramin tulun ƙarfe, ya danna famfo giya ta zubo da sanyinta da kumfarta. Ni ban ga giya ba, zoɓo na gani. Ku tuna yadda ake raba zoɓo a bikinmu: bokiti a buɗe, ƙuda na shawagi, kofi ɗaya na shiga yana fita, kafin a kai kan manyan baƙi ya zama ruwan ɗumi. Na ce in har na haɗa tulun nan da hannuna, zoɓo ya fito da gas kamar lemon kwalba, to na riga kowa a Kano. Matsalar ɗaya ce: kayan haɗinsa suna wajen masu dafa giya a gidajensu.

Daga Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan aka ɗora mu a wani jirgin zuwa Washington. Na saba da hanyar Dubai da ta China, amma wannan ta fi su cin rai. Ka yi barci ka farka, ka tarar har yanzu ruwa ne a ƙarƙashinku. Abincin jirgi ban yarda da shi ba, dabino da soyayyar gyaɗa na yi ta jefawa a baki.

Mai duba fasfo bai wahalar da ni ba. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce biki da ganin kasuwa, ya miƙo min abuna. A wajen ɗaukar jaka ne wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Na matsa, ya matso. Matar da ke riƙe da shi ta ce in biyo ta.

Aka buɗe jaka. Ga ƙunshin kilishi da na yi wa Sani tsaraba, ga busasshen zoɓo ya cinye rabin jaka, ga citta da kanumfari.

"Wannan nama ne?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ya bushe. Ya fi takarda bushewa."

"Nama ne ko ba nama ba ne?"

Na ce nama ne. Ta ɗaga shi da yatsu biyu ta jefa a wani kwando mai murfi. Na ce to ko karen a gutsura masa, ai ya yi aiki. Ba ta yi dariya ba. Zoɓon ta jujjuya, ta shinshina, ta kira wani ya duba, suka ce ganyen shayi ne, in wuce. Ni da ita da kare duk muka yi asarar kilishi.

Sani na jirana a waje. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, amma dariyar tana nan. Motarsa doguwar bas ce koriya shar, a gilashin baya an manna Bismillah da manyan baƙaƙe. Ko daga nesa ba za ka ɓata ta ba. Muka kama hanyar kudu. Titi sumul, bishiyoyi hagu da dama, ba shinge, ba mai tallan ruwa. Abin da ya fi damuna shiru ne, tafiyar rabin yini ban ji an danna ham ba. A gidan mai muka tsaya alwala, na gamu da famfon da ke zuba da kansa in ka miƙa hannu. Ƙafa kuwa bai san ta ba. Na ɗaga ta har na kusa faɗuwa, ya ƙi. Sai da Sani ya tara min ruwa a gora.

A hanya ya ba ni labarin zamansa. Ranakun aiki yana wani babban sito yana lodin kaya. Asabar da Lahadi kuwa shi ke bin gida-gida ya kwashi yaran jama'armu ya kai su Islamiyya, ya dawo da su. Iyaye na biyansa, da shi yake cika kuɗin haya.

"Amma ba kuɗin ba ne, Ubale," in ji shi. "A ƙasar nan mutum ba ya ba ka makullin motarsa, balle ɗansa. Ni kuwa ina tsayawa za a buɗe ƙofa a turo min yaro, ko leƙowa ba a yi."

Nan na kwance masa zancen tulu. Na kuma tambaye shi ko gaskiya ne Nura, ƙanin Ɗanlami, a garin yake. Ya ce ai sahu ɗaya suke salla.

Na ce, "To Sani, maganar nan amana ce. Daga kai sai uwargidanka, Hajiya Rabi. Inda za mu je, da abin da za mu saya, da abin da za mu yi da shi, kada wani ya ji sai na koma gida."

Ya ce, "Na karɓa."

A kasuwa ina faɗin irin wannan magana kullum, wanda na faɗa wa ya riƙe ta zuwa la'asar. Sani ba ɗan kasuwa ba ne.

Unguwarsu sunanta Glenwood, ƙananan tsofaffin gidajen katako kusa da jami'a, ɗalibai na wucewa a kekuna da gajeren wando. In ka taka ƙasan ɗaki sai ya yi ƙara, in ka yi tari na falo ya ce sannu. Hajiya Rabi ta tarbe ni da tuwo da miyar kuka kamar ina Fagge. Washegari aka fara zuwa gaishe ni, amma kowa sai ya bugo waya tukuna ya nemi izini, abin da a gida za a ɗauka gaba ce. Da yawa daga cikinsu Hausawan Ghana ne, 'yan zango. Wata ma'aikaciyar asibiti, Anti Memuna, ta kawo min shinkafa da wake irin tasu da wani baƙin yaji da ya sa na yi hawaye. Sai Baba Issaka, tsohon makanike daga Kumasi, shi ne shugaban kwamitin Islamiyyar. Dogo ne, ba ya gaggawar magana. Ya riƙe hannuna ya ce, "Akwaaba, Alhaji. Ka kawo mana sobolo na Kano ko?" A wajensu akwaaba sannu da zuwa ce, sobolo kuma zoɓo.

Ranar Juma'a da hantsi muka je shagon. A bakin babban titi yake, da ƙaton allo mai hoton ganga da kofi yana tumbatsa da kumfa. Sani ya faka bas a gaban ƙofa don ba wani wuri. Ya ce, "A'uzu billahi," muka shiga.

Na zaci zan ga mashaya. Ba kiɗa, ba wanda ke tangaɗi. Rabin shagon kamar na 'yan kayan famfo, rabi kamar na 'yan hatsi, wuri na warin jiƙaƙƙiyar dawa. Mai shagon saurayi ne da jan gemu wanda ya fi na limaminmu tsawo. Na gaya masa kai tsaye ba na shan giya, ba na sayarwa, abin sha na ganye zan zuba. Ko a jikinsa. Ya ce wasu ma shayi da kofi suke zubawa. Ya jera min kaya a kan tebur: tulun ƙarfe sabo mai cin kamar galan biyu da rabi, kawuna biyu da ake maƙala masa, mai ruwan toka na shigar gas, baƙi na fitar ruwa, sai tiyo, da kan famfo, da ƙananan zobban roba da ke hana iska fita. Sai ragileta mai geji, wato mai daidaita ƙarfin gas, da silindar gas ɗin, waɗanda tsadarsu ta sa na zauna.

Na ce, "Nawa za ka bar min?"

Ya juyo min da takardar farashi.

"In na ɗauki biyu fa?"

Ya ɗauko kalkuleta ya ninka. Na yi masa tafiyar ƙarya har bakin ƙofa, ya ce a sauka lafiya. Na dawo da kaina.

Amma yaron ya san aikinsa, kuma ba shi da ƙyashi. Da na tambaye shi ko bakin silindarsu ɗaya ne da namu, ya duba ya ce zaren ya bambanta, sai an sa mahaɗi a tsakani, zai yi min odarsa. Da ban tambaya ba da na kai ragileta Kano ta zama kayan ado. Ya kuma rubuta min lambar wani tsoho da ke sayar da tsofaffin kayansa. Muna cikin wannan Sani ya duba agogo ya ce za mu rasa huɗuba. Ya saɓi tulun a kafaɗa ya fita da shi zuwa mota shi kaɗai, ni ina ciki ina biya.

Asabar da safe Sani ya tafi kwasar yara, Hajiya Rabi ta kai ni wata unguwar masu kuɗi, Irving Park, neman kula mai taya. Nan na ga abin mamaki. Gida kamar na gwamna, amma mai gidan da matarsa sun fito da tsofaffin takalmansu da tukwanensu sun baza a kan ciyawa suna sayarwa. A Kano da kafin azahar an ce Alhaji ya karye. Su kuwa suna ta fara'a. Na samu kula babba mai taya da hannun ja, kuma a nan ana ciniki. Na taya rabi, matar ta ce na ɗauka. Raina ya ɓaci, don na san na taya da yawa. Da muka koma gida muka tarar Sani ya riga mu dawowa, yana zaune shiru. Na tambaya, ya ce gajiya ce.

A tsakiyar mako muka je wajen tsohon, a wani ƙauye kudu da gari, Pleasant Garden. Gidaje nesa da juna, ba ka ganin kowa a ƙafa. Ya buɗe mana garejinsa, cike da tuluna da tiyo-tiyo. Ya ce likita ne ya raba shi da sha, matarsa kuma ta ce ko kayan su fita ko ita. Wannan ya iya ciniki. Muka ja, muka saki, na yi tafiyar ƙarya ya kira ni, har na ji kamar ina gida. Na sayi ragileta da ƙaramar silinda. Ya yi min tayin tsofaffin tuluna da araha, na buɗe ɗaya na shinshina murfin, na mayar.

Ya ce, "Ƙarfen yana wankuwa tas. Robar ce ke riƙe wari, ita ba ta mantuwa. Canza ta kawai za ka yi."

Na ce na gode, amma a garinmu tambayar farko ita ce me aka taɓa zubawa a ciki, kuma ina son in amsa ba tare da na yi tari ba. Maganar robar dai ta zauna min. Na tambaye shi ko yana da sababbi, ya jawo wata jaka cike da su, ba a ko buɗe ba. Na saye duka. Ya raka mu mota da tumatirin gonarsa kyauta.

A kicin ɗin Hajiya Rabi na haɗa. Na huda kular na dasa kan famfo, na zaunar da tulu a cikin ƙanƙara, na shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa kamar mai faci yana neman huji. Ba kumfa ko ɗaya. Na zuba zoɓo, na buɗe gas sosai don in ga ƙarfinsa. Na danna famfo, shiru. Ashe ɓarɓashin citta ne ya toshe bakin. Na cire baƙin kan, na sa makulli na danna ɗan maɓallin da ke ciki. Zoɓo ya yi tsiri har silin, ya dawo mana a ka.

"Alhaji!" in ji Hajiya Rabi. "Gidan haya ne! Landilod zai ce yanka muka yi!"

Amina na bakin ƙofa tana dariya tana cewa, "Uncle, do it again." Ranar da fenti muka yini. Amma na koyi abu uku: a tace zoɓon da ƙyalle mai laushi, a bar shi ya yi sanyi sosai kafin a ba shi gas, kuma gas kaɗan-kaɗan. Gwaji na gaba ya fito yadda na gani a raina, ja wur, yana ɗan cizon harshe.

Asabar ta zagayo, ana gobe walima, na ce zan bi Sani in ga zagayen nasa. Ya ce in huta, na ƙi. Gidan farko ya tsaya, ya jira, ba a buɗe ba. Gida na biyu uwar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, yau babansu zai kai su." Na uku aka ce yaron ba shi da lafiya, alhali ina hango shi a bayan labule da jakarsa a goye. Muka isa Islamiyya da Amina kaɗai a cikin wannan doguwar mota. A harabar iyaye na sauke 'ya'yansu, kowa ya ɗaga hannu daga nesa ya kau da kai.

Hajiya Rabi ce ta miƙo min wayarta da muka koma. Hoto ne: koriyar bas da Bismillah a bayanta, a ƙarƙashin allon ganga da kumfa, ga Sani da tulu a kafaɗa, ranar Juma'a. Anti Memuna ce ta ɗauka tana wucewa daga aiki, ta tura wa wata ƙawarta tana tambaya, daga nan ya shiga gurup ɗin iyaye.

"Baba Issaka ya kira shi tun wancan makon," in ji Hajiya Rabi. "Ya ce masa me ya kai ka? Ka san amsar da ya bayar? Wai ba giya ba ce, amma ba zai iya faɗin ko mene ne ba. Alhaji, kai in aka ba ka wannan amsa za ka ba mutum ɗanka? Bayan walima kwamiti zai zauna a nemi wani direba."

Na juya ga Sani. "Me ya hana ka gaya min?"

"Baƙona ne kai. Kuma ka ce amana."

"Amanar tulu, Sani? Tulun ƙarfe?"

"Ba ka ce banda tulu ba."

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafi, don da lissafi nake rayuwa. Na ce bari in je wajen Baba Issaka shi kaɗai in raɗa masa. Hajiya Rabi ta ce hoton ba a kunne ɗaya ya shiga ba, a idon kowa ya shiga, kuma gobe in dattijo ya ce a yi haƙuri za a ce rufa masa asiri aka yi. Gaskiyarta. Abin da aka gani a fili, a fili ake wanke shi. Kuma na san Nura zai zo walima da wayarsa. Na auna sirrin da na ƙetare teku dominsa, na auna motar da na shiga da safe ba kowa a ciki. Ban daɗe ina aunawa ba. Na ce Hajiya ta jiƙa zoɓon da ya rage duka.

A wani lambun gari aka yi walimar, ƙarƙashin babbar rumfa. Yara suka yi karatu, Amina ta karanta nata ba gargada, aka yi addu'a. Da aka fara raba abinci na jawo kulata har tsakiyar rumfa, na buɗe ta, na fito da tulun na ɗora a kan tebur. Surutu ya ɗauke. Kowa ya gane shi.

Na ce, "Jama'a, wannan ne tulun da kuka gani a kafaɗar Malam Sani. Nawa ne. Ni na kai shi shagon, ina ciki ina ciniki aka ɗauki hoton."

Na tara kofi na danna famfo. Da yake na jijjiga shi wajen ɗagawa, sai ya fito da kumfa himili guda, sak irin ta jikin allon, illa dai wannan ja ce. Wata mata ta ce, "Subhanallahi," ta jawo ɗanta. Na miƙa kofin, ba hannun da ya taso.

Baba Issaka ya tashi a hankali ya zo. Ya karɓa, ya shinshina, ya daɗe. Ya kurɓa.

"Ei. Sobolo ne," ya ce. Ya sake kurɓa. "Amma sobolo ba ya cizo. Me ka sa?"

"Gas ne, Baba, irin na lemon kwalba."

"Buɗe in gani."

Na yi niyyar in tsaya a nan, a sha a watse. Amma tsohon makanike ba ya yarda da inji sai ya ga cikinsa. Na rufe gas, na saki iska, na kwance murfi. Ya leƙa ciki, ya zare zoben roba ya kai hanci. Ya ɗaga ragileta ya ce wannan fa, daga ina? Na faɗa. Wannan kan fa, me ya sa launinsu biyu? Na faɗa. Tiyo, famfo, silinda, mahaɗin da na yi oda, ɗaya bayan ɗaya, da inda na samo kowanne. Ni da ko matata ba ta san inda nake sari ba, ga ni ina karanta wa taro. A gefen idona ina ganin Nura ya ɗaga waya yana ɗauka. Na ce masa, "Matso, Nura, ka ɗauka da kyau. Ka gaishe min da Yaya."

Aka fashe da dariya. Anti Memuna ta taso ta ce, "To Malam Sani, me ya sa ba ka faɗa ba? Ka bar ni da zunubi!"

Na ce, "Ni na hana shi, Anti. Na ce masa amana ce, don kada 'yan kasuwarmu su riga ni."

Baba Issaka ya dubi Sani, wanda ke can baya yana raba faranti kamar ba da shi ake ba. Bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi, "Malam Sani, jibi kana aiki da safe?"

"Sai da yamma, Baba."

"To ka zo ka ɗauke ni."

Na mayar da kaya na haɗa, yara suka yi layi, kafin a tashi tulu ya koma fanko.

Ranar Talata na bi su, don ina da mahaɗin da zan karɓa. Baba Issaka ya fito da babbar riga fara da hula da carbi, ya shiga gaba. Ya ce a faka a daidai inda aka faka ranar. Ya shiga shagon ya gaisa da mai jan gemu, ya sayi tulu irin nawa, ya ce na Islamiyya ne, don Sallah. Sani ya miƙa hannu zai ɗauka, ya ce a'a. Ya saɓa a kafaɗarsa, ya fita ya tsaya a ƙarƙashin allon, a jikin koriyar bas, ya miƙo min wayarsa.

"Alhaji, ɗauke ni. Ka tabbata gangar ta fito."

Shi da kansa ya tura hoton gurup ɗin iyaye, ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba.

Silindar na bar wa Sani, don jirgi ba ya ɗaukar ta da gas a ciki, a Kano kuma masu cika tukunyar kashe gobara suna da irin gas ɗin. Sauran kaya suka biyo ni lafiya, ba karen da ya kula su.

Na sauka na tarar bidiyon ya riga ni isowa. Ɗanlami har ya yi odar tuluna daga China, ya tarbe ni da fara'a yana cewa ai na yi bayani kamar malamin makaranta. Ba a jima ba tulunansa suka fara sakin iska ta murfi, zoɓo na kwana ya tashi lami. Yanzu shi da duk wanda ya saya a wajensa, a shagona suke sayen zoben roba, kuma ban faɗa wa kowa inda zan ƙaro ba.

Asabar ɗin da ta wuce ina rufe shago saƙon murya ya shigo daga Sani. Na kunna, na kasa jin abin da yake faɗa. Ihun yara ne kawai, wani na kuka an zauna masa a jaka, wata na rera karatu, wasu na faɗa a kan kujerar taga. Can na tsinci muryarsa yana cewa, "Ku zauna mana! Ku ɗaura bel! Ubale, zan kira ka anjima, mota ta cika."